Yadda za ka nazarci kakar wasan jami'ar LSU ta 2019

Wanda yake son fahimtar abin da ya sa ake yawan ambaton ƙungiyar ƙwallon Amurka ta jami'ar jihar Luwiziyana, wato LSU, ya fara da riƙe ƙa'ida ɗaya kafin ya zauna kallo: ana ba masu kai hari dama huɗu su ci yadi goma, kuma shigar da ƙwallo ƙarshen fili maki shida ne.

Daga nan ka nemi bidiyon karawarsu da jami'ar Alabama ta ranar 9 ga Nuwamba 2019, wadda suka ci 46 da 41 a gidan abokan hamayyar. Kada idonka ya bi ƙwallo kaɗai. Ka dubi ƙafafun Joe Burrow, mai jefa ƙwallo na LSU, yadda yake gocewa taku ɗaya ko biyu idan masu tsaro sun rufo shi, alhali idonsa na kan masu karɓa kamar Ja'Marr Chase da Justin Jefferson. A ganina nan ne asirin kakar yake, domin da wannan natsuwa ya yi jifa 60 da suka kai ga maki, ya kuma lashe kyautar Heisman, wadda ake ba gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara.

Wasansu da jami'ar Oklahoma, wanda suka ci 63 da 28, rabin farkonsa ya ishe ka. Amma na ƙarshe na cin kofin ƙasa da jami'ar Clemson, ranar 13 ga Janairu 2020, ka kalle shi gaba ɗaya, saboda an fara rinjayarsu da 17 da 7 kafin yaran kocin LSU Ed Orgeron su farfaɗo su ci 42 da 25, nasara ta 15 ba tare da faɗuwa ko sau ɗaya ba.