Ga wanda za a yi wa tiyatar maƙoƙo

Jama'a, a bayan tayirod, wato halittar da ke gaban wuya wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, akwai wasu 'yan ƙwayoyi huɗu, kowacce kamar ƙwayar shinkafa, ana kiransu paratayirod. Su ke daidaita kalshiyam a jini. Wajen tiyata sukan bugu ko jini ya rage isar musu, sai su yi sanyi, kalshiyam ya ragu a jini. Tun kafin ranar aiki ku tambayi likita yadda zai kare su. Wadda ta fita bisa kuskure ana iya dasa ta cikin naman wuya.

Daga kwana 1 zuwa 3 bayan aiki ku sa ido. In leɓe ko yatsu suka fara yi kamar ana tsira musu allura, ko hannu ya ƙage, a koma asibiti nan take a auna kalshiyam a jini. Kada a tsaya shafa man zafi.

Yawanci ana ba da kalshiyam da kalsitiriyol, wani nau'in bitamin D. A bar tazarar awa 4 tsakanin kalshiyam da maganin tayirod na safe, don kalshiyam yana rage shigar maganin tayirod jiki. Kindirmo da miyar kuka suna taimakawa, amma ba su maye gurbin magani. Yawancin mutane paratayirod ɗinsu kan farfaɗo cikin makonni ko watanni, kuma likita ne zai rage maganin, bayan gwaji.