Yadda Ake Nazarin Littafi Mai Tsarki Kai Kaɗai Har Ya Shiga Rayuwarka

Mutane da yawa suna ɗaukar Littafi Mai Tsarki da niyya mai kyau, su fara daga Farawa, su wuce Fitowa da ƙyar, da zarar sun iso Littafin Firistoci inda ake ta maganar hadayu da dokokin tsarki sai ka ga an rufe an ajiye, shi ke nan sai ranar Lahadi. Matsalar ba rashin bangaskiya ba ce, yawanci rashin tsari ne. Ga yadda za ka bi.

Na farko, zaɓi littafi guda ka tsaya a kansa. Littafi Mai Tsarki tarin littattafai ne, 66 a wurin yawancin ikilisiyoyi, 39 a Tsohon Alkawari 27 a Sabo, na Katolika kuwa 73 ne, kuma ba dole ba ne ka bi su a jere. Ni shawarata ka fara da Markus, sura 16 ce kawai, labarin yana tafiya da sauri ba dogon bayani. Ka daina wannan abin na buɗe shafi ido rufe ka ɗora yatsa kan aya ka ce Allah ya yi maka magana yau.

Na biyu, ka tsai da lokaci, minti 15 ko 20 ya isa, da safe ko da dare duk wanda ka san hankalinka yana kwance. In a waya kake karatu to kashe data, don saƙon WhatsApp ɗaya ya isa ya ɗauke ka. Ka ajiye biro da ɗan littafin rubutu a gefe. Sai gajeriyar addu'a, ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya buɗe maka fahimta, ba sai ka yi doguwa ba.

Na uku, kuma nan ne zan daɗe, kar ka ciro aya ɗaya ita kaɗai. Karanta abin da ke gabanta da na bayanta. Lambobin nan da muke gani daga baya aka sa su, surori a wajen ƙarni na 13, ayoyin Sabon Alkawari kuma a 1551, Manzo Bulus dai wasiƙa ya rubuta wadda ake karanta wa jama'a daga farko har ƙarshe. Ɗauki Filibiyawa 4:13 da kowa ya haddace, cewa zan iya yin kome ta wurin Almasihu mai ƙarfafa ni. Ana sa ta a kan jarabawa, a kan kasuwanci, har a kan ƙwallo. Amma koma aya ta 11 da 12 ka gani, Bulus da ya rubuta ta yana tsare ne a lokacin, yana cewa ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da samu da rashi. Ashe maganar ta jimiri ce da wadar zuci, kuma a ganina ta fi ƙarfi a haka. Haka Irmiya 29:11, alkawarin nan na shiri mai kyau, ga waɗanda aka kwashe zuwa bauta a Babila aka aika shi, aya ta 10 ma ta ce sai sun yi shekara 70 tukuna. Wanda ya san wannan ba zai yi fushi da Allah don abu bai zo cikin wata guda ba.

Na huɗu, yi wa nassin tambayoyi. Wa ke magana, da wa yake yi, me ya faru, me wannan yake nuna mini game da Allah? Mu gwada da Markus 4:35-41. Yesu ne da kansa ya ce wa almajiransa su haye zuwa wancan ƙetaren tafkin, wato ba rashin biyayya ne ya jefa su cikin hadari ba. Ruwa yana cika jirgi shi yana barci a kan matashi, almajirai suka tashe shi suna cewa Malam ba ka damu ba za mu hallaka? Ya tsawata wa iska, wuri ya yi tsit, abin mamaki sai tsoronsu ya ƙaru, suna tambayar juna wane ne wannan. Ka ga abubuwa nawa suka fito daga aya bakwai, kuma duk da ido kawai ka gan su, ba sai ka je makarantar tauhidi ba.

Sai bimbini. Sake karantawa a hankali, da murya in da hali, ka tsaya a kan jimlar da ta taɓa ka, ka yi ta juya ta a zuciya. Zabura ta 1 ta yabi mai yin haka dare da rana. Tambayi kanka gaskiya, ni ma ina cewa Allah bai damu ba in abu ya cakuɗe?

Daga nan ka rubuta abu ɗaya tak da za ka yi yau. Kar ka rubuta "zan zama mutumin kirki", wannan ba ya kamuwa. Rubuta "zan kira wane in nemi gafara", ko "yau kafin in kai kukana ga mutane zan fara kai shi ga Allah". Yakubu a wasiƙarsa ya kwatanta mai ji ba ya aikatawa da wanda ya duba fuskarsa a madubi ya tafi ya manta kamanninsa. Ka mai da abin da ka karanta addu'a, da kalmominka.

Inda ka kasa ganewa kuwa, sa alamar tambaya ka wuce, kar ka ƙirƙiro ma'ana. Duba ƙananan nassoshin da ke gefen shafi ko ƙasansa, gwada wata fassarar, sannan ka kai wa fasto ko wani dattijo a ikilisiya. Bahabashen nan na Ayyukan Manzanni sura 8 babban ma'aji ne na sarauniya, amma sai da Filibus ya hau karusarsa ya bayyana masa Ishaya. Kuma duk abin da aka faɗa maka, ko a coci ko a YouTube, ka koma ka duba ko haka yake, kamar yadda mutanen garin Biriya suka yi wa wa'azin Bulus.

In ka tsallake kwana biyu ko uku kar ka ce sai ka rama duka a zama ɗaya, ci gaba daga inda ka tsaya. In ka gama Markus sai ka shiga Filibiyawa, sura 4 ce, ka fara karanta ta gaba ɗaya a zama guda kafin ka dawo ka bi ta kaɗan kaɗan.