Yadda wake ya farfaɗo min da gonar shinkafa

Damina biyu shinkafata a Kura tana yin rawaya, zangarniya ba nauyi. Na zaci cuta ce, na yi feshi, a banza. Na sauya iri zuwa FARO 44, duk kanwar ja ce. Ashe ƙasar ce ta gaji, ga shi ina watsa takin yuriya gaba ɗaya a cikin ruwa mai gudu.

Bana, ruwan fari na sauka na shuka wake. Da ya yi sati 6 na kife shi ɗanye da garma, na bar shi sati 2 ya ruɓe. Ranar dashen shinkafa na sa takin kamfa (NPK) 15-15-15. Yuriya kuwa biyu na raba ta: sati 3 bayan dashe, sauran gab da shinkafar ta ɗauki ciki, kowane karo sai na rage ruwa na toshe mafita.

Alhamdu lillahi, ganye ya yi shar, zangarniya har sunkuyawa take.