Yadda Nake Haɗa Gawayin Tace Ruwa da Ƙwallon Aduwa

Rijiyar gidanmu a Garwa ruwanta yakan yi wari da zarar damina ta kankama, kogin Binuwai ya cika. Shi ya sa na koyi wannan sana'ar. Gawayin girki ba ya wadatarwa. Wanda ake nema shi ne wanda aka ƙona sau biyu, har jikinsa ya cika da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, waɗanda suke kama wari da launi da wani ɓangare na maganin feshin gona.

Na gwada totuwar masara da ɓawon gyaɗa, duk suna yi, amma saurin dagargajewa gare su. Ɓawon ƙwallon aduwa ya fi min, don tauri gare shi, ga shi yara sun tsotse sun watsar ko'ina. Ki fasa, ki cire ƙwayar ciki, ki wanke ɓawon ki shanya ya bushe ƙayau.

Ki samu babban gwangwanin madara, ki huda murfin da ƙusa. Don Allah kada ki taɓa gwangwanin fenti ko na maganin auduga. Ki cika, ki rufe, ki binne shi cikin wuta a tsakar gida, ba a ɗaki ba, hayaƙin nan yana kisa. Zai yi ta fitar da hayaƙi awa 3 ko 4. Idan ya daina, ki sauke, kada ki buɗe sai ya huce, in ba haka ba toka za ki tarar.

Ki daka sama-sama, kamar tsakin masara. Sai ki jiƙa shi cikin ruwan toka mai ƙarfi, irin na karan gero da muke tarara don miya, ya kwana ya wuni. Ki kiyaye hannunki, yana cin fata. A sake shanyawa.

Ƙuna ta biyu ita ce aikin. Zafin da ake so ya haura digiri 600. Ni wurin maƙerin unguwarmu nake kaiwa. Ranar farko ya ce, "Hajiya, gawayi za a gasa da gawayi?" Na ce, "Baba, ka dai zuga min." Gwangwanin a rufe, ya yi jajir kamar awa guda.

Bayan ya huce, ki yi ta ɗauraye shi har ruwan ya daina santsi. Gwajina da zoɓo ne: na zuba gawayin cokali biyu a rabin kofin zoɓo, na girgiza, na tace. Idan jan ya kode sosai, ya yi.

A bokiti mai huda a ƙasa nake jerawa: tsumma mai tsabta, gawayi, yashi, tsakuwa a sama. Idan warin ya fara dawowa, na canza gawayin.

Amma fa ba ya kashe ƙwayar cutar kwalara, ba ya kuma cire gishiri. Ruwan da 'ya'yana za su sha, bayan na tace, sai na tafasa shi.