Yadda Za A Koya Wa Matasa Bambanta Jari Da Riba

Masu horar da matasa a wuraren koyon sana'a suna yawan tambayata ta ina za su fara darasin kuɗi. Ga matakan:

1. Ba kowa littafi da biro.
2. Ya raba shafi biyu: shiga da fita.
3. Ya rubuta jarinsa a sama, misali naira 5,000 ta sayar da awara.
4. Kullum da yamma ya rubuta cinikinsa da abin da ya kashe, har kuɗin kati da na adaidaita sahu.
5. Ƙarshen mako ya cire jarin da ya sa a kaya da sauran kashe-kashe daga cinikin; abin da ya rage shi ne riba.

Hattara: a nan ake yawan kuskure. Ciniki ba riba ba ne, kuma bashin da ba a biya ba bai shigo ba tukuna.

6. Ya zuba wani ɓangare na ribar a adashi.
7. Duba littafin kowa shi kaɗai, kada ka kunyata shi gaban abokansa.