Haɗa gyaran rage kuɗin wuta da sabunta bashin gida a Amurka

Masu gidaje a Amurka sun sha tambayata wannan. Ga matakan:

1. Tambayi banki ko yana ba da bashin EEM (bashin gida da ke haɗe da kuɗin gyaran rage shan wuta) na hukumar FHA (hukumar gwamnatin Amurka da ke tsaya wa bashin gidaje). Ba kowanne ke yi ba.
2. Kira ƙwararre ya binciki inda ɗumi ke zurarewa: tagogi, rufi, bakin ƙofa.
3. Karɓi ƙiyasin ɗan kwangila a rubuce.

Hattara: in rarar kuɗin wutar ba za ta mayar da kuɗin gyaran ba, ba za a amince ba.

4. Kwatanta sabon kuɗin ruwa da tsohon. Nan fa ka natsu, domin kuɗin kammala takardu na iya cinye ribar.
5. Sa hannu a takardun sabon bashin. Kada leburori su fara aiki kafin nan.
6. Da an gama, nemi a duba aikin, sannan a saki kuɗin gyaran da banki ya ajiye daga cikin bashin.