Yadda Ake Sauya Burauza a Kwamfuta da Salula Ba Tare da Asarar Kalmomin Sirri Ba

Sauke sabuwar burauza aikin minti 5 ne idan rezo na da kyau. Abin da ke cin lokaci shi ne kwashe kayan da tsohuwar ta tara maka shekara da shekaru: kalmomin sirri, shafukan da ka adana, da asusun da ta bar maka a buɗe har ka manta da makullinsu. Saboda haka kada ka goge tsohuwar a ranar da ka ɗora sabuwar. Ka bar su tare kamar mako 2, ka fara aikin daga kwamfuta, salula ta biyo baya.

Kafin ka taɓa komai, ka tabbatar ka san kalmar sirrin adireshin Gmail ɗin da ke kan salularka. A Damagaram mutum kan sayi Tecno ko itel a Kasuwar Dole, mai shago ya buɗe masa adireshi a tsaye, ya rubuta kalmar a bayan kwali, kwalin kuma ya bi shara. Duk abin da Chrome ta aika zuwa asusunka na Google yana ƙarƙashin wannan adireshin. Shiga myaccount.google.com, ka buɗe sashen "Sécurité", ka duba lambar wayar da aka ajiye domin dawo da asusu. Idan ta mai shagon ce, ko wani tsohon layinka na Airtel, Moov ko Zamani da ka daina sa wa kuɗi, ka canza ta yanzu tun ƙofa na buɗe. Layin da ya daɗe ba ya aiki kamfani kan karɓe shi ya sayar wa wani, kuma can saƙon lambar tabbatarwa zai riƙa zuwa.

Wace za a zaɓa

Chrome, Edge, Brave, Opera da Samsung Internet duk a kan tushe ɗaya aka gina su, wato Chromium, shi ya sa ƙaura tsakaninsu ke da sauƙi, kuma shafin da ya buɗe a ɗaya zai buɗe a sauran. Firefox ta Mozilla injinta daban ne, ana ce masa Gecko. Wanda damuwarsa tallace-tallace ne da ke cinye masa forfe, Firefox ta fi masa a Android, domin tana karɓar uBlock Origin, wata ƙarin manhaja mai tare talla, alhali Chrome ta salula ba ta karɓar irin waɗannan ƙarin manhajojin ko kaɗan, kuma tsarinta na rage cin data Google ya cire shi a 2022. Brave ma tana zuwa da mai tare talla a cikinta. Opera Mini ta fi kowa tattalin data, amma ta hanyar bi da shafukanka ta na'urorin kamfanin Opera a matse su kafin su iso maka. Ta dace da karanta labarai. Shafin banki ko na cike takardun jarrabawa kuwa kan wargaje a cikinta idan an sa matsewar a matakin ƙoli, kuma bai kamata a shigar da sirrin kuɗi ta nan ba.

Masu tsohuwar kwamfuta su duba Windows ɗinsu tukuna. A Windows 7 da 8.1, Chrome da Edge sun tsaya a sigar 109 tun farkon 2023. Firefox 115 ESR ce ta ƙarshe da ke hawa kansu. Internet Explorer kuwa Microsoft ya yi mata ritaya ranar 15 ga Yuni 2022, duk ofishin da ke dogara da ita yana wasa da wuta.

Ka sauke daga shafin kamfanin kansa a kwamfuta, a salula kuma daga Play Store ko App Store. Burauzar da wani ya tura maka ta Xender ba ka san hannu nawa ta bi ba, ga shi ita za ka damƙa wa dukkan sirrinka. Idan kwamfutoci da yawa za a yi wa aikin, kamar a sibar ko ɗakin kwamfuta na makaranta, a nemi cikakken fayil ɗin girkawa wanda ba ya buƙatar intanet, a sa a kile, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramin fayil ɗin da ake samu a shafin farko sai ya sake sauke manhajar a kan kowace na'ura.

Kwashe kaya a kwamfuta

Rufe tsohuwar burauza gaba ɗaya kafin ka fara, domin idan tana buɗe takan riƙe fayilolinta, shigo da kaya ya tsaya a rabi. Sabuwar za ta tambaye ka tun buɗewar farko ko kana son shigo da bayanai. Idan ka wuce wurin, a Firefox yana cikin "Paramètres", ƙarƙashin "Général", maɓallin "Importer des données". A Edge yana cikin "Paramètres", sashen "Profils". Zaɓi shafukan da aka adana, tarihin bincike da kalmomin sirri.

Ko da komai ya tafi daidai, ka fitar da shafukan da ka adana da hannunka, ka ajiye. A Chrome danna Ctrl, Maj (wato Shift) da O tare, sai ɗigo 3 na sama a dama, sai "Exporter les favoris". Za ka samu fayil ɗin HTML guda, wanda kowace burauza ke karantawa.

Kalmomin sirri su ne inda ake yawan tuntuɓe. Wani lokaci suna biyo sauran kayan, wani lokaci sabuwar burauza ta ce ka kawo mata fayil. Idan haka ta faru, buɗe manajan kalmomin sirri na Google a cikin Chrome, ko passwords.google.com, shiga saituna, ka zaɓi fitarwa. Zai nemi lambar buɗe kwamfutarka ko kalmar sirrin asusunka na Google, sannan ya ba ka fayil ɗin CSV. A Firefox rubuta about:logins a wurin adireshi, danna ɗigo 3, zaɓi "Importer depuis un fichier".

Wannan fayil ba a kulle yake ba. Duk wanda ya buɗe shi zai ga kowane shafi da sunan shiga da kalmar sirrinsa jere kamar lissafin bashi a littafin mai kanti. Kada ka tura wa kanka ta WhatsApp, kada ka bar shi a kilen da ke zuwa wurin masu fotokofi. Da zarar ka ga kalmomin sun shiga, ka goge shi da Maj da Suppr (wato Delete), don kada ya zauna a kwandon shara, ka kuma duba ko OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, bai riga ya kwafe shi ba. Kada kuma ka buɗe shi da Excel ka adana. Excel na Faransanci, wanda shi ne a yawancin kwamfutocinmu, yana raba bayanai da waƙafi mai ɗigo, fayil ɗin kuwa da waƙafi zalla aka raba shi. Idan Excel ya sake rubuta shi, burauza kan ƙi karɓa ko ta cakuɗa sunaye da kalmomi. Idan dole sai ka leƙa, yi amfani da Bloc-notes.

Bayan nan ka gwada ƙirga. Idan tsohuwar na da kalmomi 84 sabuwar ta nuna 60, akwai saura, sai a sake.

Haɗa kwamfuta da salula

Chrome ta Android ba ta da maɓallin fitar da shafukan da aka adana, wannan ne dalilin farawa daga kwamfuta. Ka tabbatar Chrome ta salula na aika bayananta zuwa asusunka na Google, ka shiga asusun a Chrome ta kwamfuta, ka jira kayan salula su sauko, sannan ka yi kwashewar da aka bayyana a sama. Wanda ba shi da kwamfuta ya ari ta ɗan'uwa ko aboki amintacce, ya buɗe sabon furofil a Chrome, ya gama, ya goge furofil ɗin. Kwamfutar sibar ba wurin wannan aikin ba ce. Phoenix da ke zuwa a cikin Tecno, Infinix da itel ba ta cikin asusun Google ɗin nan, don haka shafukan da ka adana a cikinta ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya ka sake adanawa a sabuwar.

Sai ka buɗe asusu a sabuwar burauza: na Mozilla ga Firefox, na Microsoft ga Edge. Brave ba ta neman imel, jerin kalmomi take bayarwa ko hoton QR da ɗaya na'urar za ta ɗauka. Shiga da asusu ɗaya a kwamfuta da salula, ka ba su ƴan mintuna a kan rezo mai ƙarfi. Masu Firefox su kula da abu ɗaya: bayananku a kulle suke da kalmar sirrinku, har Mozilla ba ta iya karanta su. Idan ka manta kalmar ka sake sabuwa ba tare da makullin dawo da asusu ba, abin da ke ajiye a can ya tafi, sai wanda ya rage a kan na'urarka. Ka ƙirƙiri makullin a ranar farko, ka rubuta shi a takarda, ka ajiye tare da takardar haihuwarka.

Mai da ita ta farko

Idan ba ka sa sabuwar ta zama burauzar da na'urarka ke fara zaɓa ba, duk mahaɗin da aka turo maka a WhatsApp tsohuwar ce za ta buɗe shi. A Windows 11: "Paramètres", "Applications", "Applications par défaut", zaɓi burauzar, danna "Définir par défaut". A Windows 10 wurin ɗaya ne, ƙarƙashin "Navigateur Web". Fayilolin PDF kan ci gaba da buɗewa a Edge sai ka canza su daban, binciken da ake yi daga maɓallin Démarrer ma haka. A Android hanyar kusan iri ɗaya ce, sai dai kowane kamfanin waya da inda yake ɓoye ta, don haka rubuta "par défaut" a wurin bincike na saituna. A nan ne kuma za ka nemi "saisie automatique" ka zaɓi sabuwar burauza, in kana son ta riƙa cike maka kalmomin sirri a cikin wasu manhajoji. iPhone ta ba da damar sauya Safari tun iOS 14 a 2020, kuma ana yi ne daga "Réglages".

Abin da ba ya ƙaura

Zaman da kake ciki a shafuka ba ya binka. Facebook, Gmail, shafin rajistar ɗalibai, duk sai ka sake shiga, wasu kuma za su turo lamba ta saƙon waya saboda sun ga baƙuwar burauza. Ka yi wannan lokacin da layinka ke hannunka kuma saƙo na shigowa. WhatsApp Web sai an sake ɗaukar hoton QR, kuma tunda na'urori 4 kawai ake iya haɗawa, ka cire tsohuwar daga "Appareils connectés". Katunan banki da aka adana da makullan shiga na zanen yatsa ba sa cikin fayil ɗin CSV. Ƙarin manhajojin Chrome suna hawa Edge da Brave, amma Firefox kantinta daban, sai ka nemo kowace da sunanta.

Idan shafi ya ce kalmar sirri ba daidai ba alhali ka tabbata, duba madannai. Allon AZERTY yana musanya A da Q, da Z da W, kuma lambobi sai an riƙe Maj, ga shi kwamfutocin da ake shigowa da su ta Kano yawanci QWERTY ne da Windows na Faransanci a kansu. Idan kuma kowane shafi na cewa haɗin ba amintacce ba ne, duba kwanan wata a ƙasan allo. Ƙaramin batirin CR2032 da ke cikin kwamfutar idan ya mutu, agogo kan koma shekarun baya duk lokacin da wuta ta ɗauke, burauza kuma ta ƙi yarda da shaidar tsaron shafuka. Gyara kwanan wata, a sauya batirin.

Bayan mako 2, idan ka shiga duk shafukan da kake buƙata, har da waɗanda sai ƙarshen wata kake leƙawa, sai ka cire tsohuwar. A Windows, Chrome za ta tambaya ko a haɗa da bayanan bincikenka, ka amsa e kawai idan kwamfutar za ta bar hannunka. A yawancin wayoyin Android ba a goge Chrome, sai dai a dakatar da ita da "Désactiver". Manhajar nan mai suna Android System WebView kuwa kada ka taɓa ta, da ita sauran manhajoji ke nuna shafukan intanet a cikinsu.